A Yi Mini Aikin Gafara, Karatun Minti Goma Ba Wasa Ba Ne

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin iyaye da malamai da yawa a ƙasar Haɗejiya, har ta kai ba a neman hujjarta. Cewa ake yi Turanci ba ya samuwa a tsaitsaye. Wanda yake son ɗansa ya iya, ya nema masa lesin na awa biyu ko uku, a zaunar da shi a kan benci har gumi ya keto masa. Amma wannan guntun darasi na minti biyar ko goma da ake ji a rediyo ko a waya, ko wanda malami zai yi a tsaye kafin a shiga aji, wai shiririta ce aka ƙirƙiro wa malalata. "Karatun da ko shayi ba a gama sha ba ya ƙare, me zai zauna a kan yaro?"

Masu wannan magana ba jahilai ba ne, kuma ba mugunta ce ke sa su faɗa ba. Da yawansu dattawa ne da suka iya Turanci fiye da mu, waɗanda suka yi makarantar kwana a zamanin da malami ke da kwarjini, aka tura su Rumfa ko Barewa ko wata kwalejin horar da malamai, suka dawo suna rubuta wasiƙa babu tuntuɓe. Sun kuma san abin da ke gaban yaran. Duk wanda ba shi da kiredit a Turanci a WAEC ko NECO, ƙofar jami'a a rufe take gare shi, ko da Jami'ar Sule Lamido ce da ke nan kusa a Kafin Hausa. A jarrabawar JAMB kuwa, cikin tambayoyi 180 da ake yi wa ɗalibi, 60 na Turanci ne. Uban da ya sayar da buhun shinkafa ya biya kuɗin lesin yana da haƙƙin ya ga an daɗe a zaune, domin tsawon zaman shi ne abin da idonsa zai iya aunawa.

Duk da haka ina ganin an jingina nasarar ga abin da ba shi ya kawo ta ba. Ina roƙon iyayenmu da suka yi makarantar kwana su sake tuna yadda yininsu yake. Da Turanci ake tashinsu da asuba. Da shi shugaban ɗalibai ke ba da umarni a filin taro, da shi ake rabon abinci, da shi aka rubuta sanarwar da ke manne a bango, da shi ake faɗa a filin ƙwallo, wanda aka kama yana Hausa kuma a hukunta shi. A yini ɗaya yaro zai ci karo da harshen sau da yawan da ba ya ƙirguwa, kowane karo bai wuce minti ɗaya ko biyu ba. Zaman bitar dare mai tsawo shi suka fi tunawa saboda shi ya fi wahala. Amma abin da ya dasa musu harshen shi ne wancan yawan haɗuwar, safe da rana da dare.

To a dubi yaron da ke makarantar jeka-ka-dawo a Auyo ko Guri yau. Daga lokacin da aka tashi ranar Juma'a zuwa safiyar Litinin, zai yi wuya wani ya fuskance shi da jumla ɗaya ta Turanci. A gida Hausa, a gona Hausa, a kasuwar kifi Hausa, a masallaci Hausa da Larabci. Ko a makarantar ma, malamin lissafi da na kimiyya da Hausa suke bayani, kuma ban ga laifinsu ba, so suke a gane. Takwaransa na Legas ko Fatakwal kuwa yana jin Turanci, ko da buroka ne, daga bakin kwandasta da mai shago. Bai fi namu ƙwaƙwalwa ba, kunnensa ne ba ya hutawa.

Shaidar wannan tana nan cikinmu. A ƙananan hukumomin Guri da Kiri Kasamma da Birniwa akwai Badawa da Mangawa da Fulani da ba da Hausa aka fara yi musu magana a gida ba, amma yau ba ka rabe Hausarsu da ta Bahaɗeje. Wa ya zaunar da su awa uku a kan benci? Ciniki ne ya koya musu, da gaisuwa, da wasan dandali, yau kalma biyu gobe uku. Abin da Turanci ya rasa a ƙasarmu ke nan, kuma guntun darasi na kullum ƙoƙari ne na cike wannan giɓin, ba na korar malami daga aji ba.

Masana sun daɗe da auna wannan abu. A 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya buga sakamakon gwajin da ya yi a kan kansa, yana haddace jerin gaɓoɓin da ba su da ma'ana yana lura da yadda suke zubewa. Ya gano mantuwa ta fi ɓarna a sa'o'in farko bayan karatu. Ya kuma gano cewa jerin da ya maimaita sau 68 a zama guda, maimaici 38 kacal ya ba shi irin wannan sakamakon da ya rarraba su cikin kwana uku. A 1978 kuma Alan Baddeley da abokin aikinsa Longman suka wallafa binciken da suka yi a kan ma'aikatan gidan waya na Ingila da ake koya wa buga keken rubutu. Waɗanda ake koya wa awa ɗaya a rana sun ƙware cikin awannin da ba su kai na masu awa huɗu a rana ba, kuma abin ya fi zama a hannunsu bayan watanni. Wani abin sha'awa, da aka tambaye su, masu awa ɗayan su ne suka fi rashin gamsuwa da tsarin. Gani suke ba a yi musu karatu sosai ba. Wato jin da iyayenmu ke ji ba nasu ne su kaɗai ba: dogon zama yana sa mutum ya ji ya yi aiki, ko da rabin aikin zai zube kafin gari ya waye.

Amma me ya kai mu Jamus da Ingila, alhali hujjar da ta fi ƙarfi tana zauren kowace unguwa? Ƙasar nan tamu, daga Haɗejiya zuwa Nguru da Gashuwa, tana cikin Gabas ɗin da tun kaka da kakanni ake turo yara daga Kano da Katsina da Zazzau neman Alƙur'ani. Alarammomin da suka yaye mahaddata ba iyaka, ta wace hanya suka bi? Ƙolo ba a ɗora masa shafi. Babbaƙu ake fara masa, 'yan haruffa a allo, sai ya gane su a kai shi farfaru. In ya fara ɗaukar karatu, aya ɗaya ko biyu ce za a rubuta, malam ya biya masa, biyawar da ba ta wuce 'yan mintoci ba. Sai ya koma gefe ya yi ta nanatawa, da safe, da la'asar, da dare a bakin wuta. Ba zai wanke allo ba sai ya kawo karatun malam ya ji ya zauna. Ko gardin da ya yi nisa, da sumuni ake auna masa, izu ɗaya an kasa shi takwas, izu sittin sun zama kashi 480. Kuma sabon karatu ba ya sa a saki na baya, kullum ana tishi, ana tilawa. Babu wanda ya taɓa kiran wannan shiririta. Littafin da ya fi kowane girma a wurinmu da ɗan kaɗan na kullum muke shigar da shi ƙirjin yaro ɗan shekara bakwai, amma da an zo kan Turanci sai mu ce sai an yi masa ɗura.

Na san wani zai ce hadda daban, iya harshe daban, ga mahaddata nan da yawa da ba sa jin Larabci. Gaskiya ne, kuma wannan yana nuna iyakar abin da za a aro. Ba haddace jumlolin Turanci kamar aku ake nema ba. Tsarin za a ɗauka, kuma ƙafafunsa huɗu ne a makarantar allo: kaɗan, kullum, a jere, sannan a kawo wa wani ya saurara. Duk guntun darasin da ya rasa ɗaya daga ciki, ni ma ina tare da dattawa, wasa ne.

Akwai kuma dalilin da ya keɓanta da mu mazauna fadama. Dogon lesin yana buƙatar abu uku su haɗu: ɗaki, malami, da yaron da ba a nemansa a wani wuri. Sau nawa suke haɗuwa a shekara? Kogin Haɗejiya ba ya duba jadawalin ma'aikatar ilimi. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar ruwan ta canza, ciyawar kacala ta toshe hanyoyinsa, in damina ta yi ƙarfi sai ya nemi hanya ta cikin gonaki da gidaje. Wanda ya ga ambaliyar 2018 da ta 2020 da ta 2022 ya san yadda Agusta da Satumba suke: matasa kwana suke a bakin jinga suna jera buhunan ƙasa, ƙauyuka sai da kwalekwale ake shigarsu, azuzuwan da suka tsira kuma su ne masaukin waɗanda gidajensu suka rushe. Lokacin ke nan da ya kamata a koma sabon zango bayan dogon hutu. Ruwa na janyewa sai girbi. Shinkafa na fitar da kai sai korar tsuntsayen jan-baki, aikin da yara ne a kansa tun fitowar rana. Sanyi na shigowa sai noman rani, alkama da albasa da tattasai, ga ban ruwa. Ɗan masunci yana da nasa lokacin, ɗan makiyayi ma haka. Yarinya kuwa, tsakanin talla da girki da Islamiyya, awa biyu a jere ba ta cikin abin da ta mallaka.

Ba ina cewa haka ya kamata abin ya kasance ba. Amma haka yake, kuma tsarin da ya ce ko awa biyu ko babu, a wurin yawancin yaran nan babu ɗin ce ke tabbata. Minti goma kuwa tana shiga ko'ina. Tana shiga bukkar tsaron gona, tana shiga tsakanin magariba da lisha, tana shiga sansanin gudun ambaliya matuƙar akwai rediyo mai batir ko ƙaramar waya mai katin ajiya.

Ƙasar da ta fi kama da mu a wannan fuska ita ce Bangaladash, ƙasar koguna da shinkafa da ambaliya. A ƙarshen 2009 aka buɗe wani shiri a can mai suna BBC Janala, da tallafin gwamnatin Birtaniya. Mutum zai danna lamba 3000 a kowace irin waya, ko da rakani-kashi ce, ya saurari darasin Turanci na kimanin minti uku, ana yi masa bayani da harshensa na Bangla. Kamfanonin waya suka rage kuɗin kiran. Miliyoyin mutane suka yi amfani da shi, cikinsu har da masu tura keken haya da matan aure da ba za su taɓa zama a aji ba. Tun kafin wannan, a 1959, Muryar Amurka ta fara watsa labarai da sauƙaƙan Turanci, ana karantawa a hankali, da kalmomi kimanin 1,500 kawai. Wannan adadi abin lura ne. Da kalma 1,500 ana iya ba da labarin duniya. Yaron da ke ɗaukar kalma biyar a rana, cikin kwana 300 ya ratsa su. Ba duka za su zauna a zagayen farko ba, shi ya sa ake tishi. Minti goma a kullum kuma, in an tara, ta haura awa 60 a shekara, kuma awanni ne da aka yi su ido biyu, ba irin rabin ƙarshe na dogon lesin ba, lokacin da zafin watan Afrilu ya sa kowa gyangyaɗi.

To me ake iya koyarwa a minti goma? Abu ɗaya, kuma amfaninta ke nan. Ɗauki matsalar da kowane malamin Turanci a ƙasar Hausa ya sani, rikita p da f, inda "pan" da "fan" ke fita iri ɗaya. Ba a gyara wannan da bayani, ko na awa nawa ne. Leɓe ne ke buƙatar sabo: minti uku yau, minti uku gobe, har mako biyu, yaro yana riƙe da 'yar takarda a gaban bakinsa yana ganin ta motsa in ya furta p daidai. Haka baƙaƙen da ke cunkushe babu wasali a tsakani, irin na "street", da harshenmu ke son ya raba su. Haka bambancin "he went" da "he has gone", wanda ba ya shiga sai an ji shi a jumloli da yawa a ranaku daban-daban. Malaman firamare da aka horar a kan Jolly Phonics a Jigawa sun san wannan, domin tsarin ya kasa Turanci zuwa sautuka 42 ana ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya. Darasin kirki na minti goma zai fara da tambayar na jiya, ya kawo sabon abu guda, ya sa yaro ya buɗe baki ya faɗa, sannan ya ba shi jumla biyu da zai je ya gwada a kan yayarsa ko abokinsa.

Yanzu bari in ba dattawa gaskiyarsu inda suke da ita, kuma ba kaɗan ba ce. Yawancin abin da ke yawo a TikTok da WhatsApp da sunan koyon Turanci tarkace ne. Yau karin maganar Amurkawa, gobe sunayen kayan jirgin sama, jibi wani yana gyara kuskure da wani kuskuren. Babu jeri, babu tishi, babu mai saurare. Yaro zai kalli hamsin ya ji kamar ya yi karatu, alhali data kawai ya ƙona. Ko inda masana suka tsara abin ma ba kullum yake ci ba. Lokacin da korona ta rufe makarantu a 2020, an gwada a Botsuwana ana tura wa iyaye saƙon tes da kiran waya na kusan minti 20 a mako a kan lissafi, aka ga yaran sun ci gaba. A Saliyo aka gwada kiran waya makamancin wannan, bincike bai ga wani bambanci a sakamakon yaran ba. Gajarta ita kaɗai ba magani ba ce.

Sannan akwai abin da minti goma ba za ta taɓa yi ba. WAEC tana neman insha'i na kalma 450, da karanta dogon nassi a fitar da ma'anarsa a taƙaice. Wannan sai da zama, sai da malamin da zai ɗauki jan biro ya bi layi-layi. Karanta littafi daga bango zuwa bango ma sai da zama. Abin da nake cewa shi ne, dogon zaman yana amfani ne ga yaron da ya zo da guzuri. Wanda bai mallaki kalma 500 ba, in ka zaunar da shi awa uku a kan tambayoyin shekarun baya wata biyu kafin jarrabawa, ba Turanci kake koya masa ba, canki-canka kake koya masa. Daga nan ne ake fara neman cibiyoyin da ake "taimako". Haka kuma yaron da bai iya karanta Hausa ba, a fara da wannan tukuna, domin wanda ya gane yadda harafi ke zama sauti a harshensa ya yi rabin tafiya.

Maganar ta ƙara zama ta gaggawa saboda yadda manufar gwamnati ke juyawa. Tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa. A ƙarshen 2022, zamanin minista Adamu Adamu, aka ce a yi haka duk shekara shida na firamare. A Nuwamba 2025 minista Tunji Alausa ya sanar da soke wannan, ya ce a koma Turanci tun daga farko. Ina da ja a kan wannan hukunci, amma wannan zance ne na wata rana. Abin da ya shafe mu a nan shi ne, malamin aji ɗaya a wani ƙauyen Kaugama ko Malam Madori an ce ya koyar da harshen da shi kansa yake jin nauyinsa a baki. Ba za a iya kwashe malaman nan a mayar da su kwaleji ba. Guntun darasin da aka naɗa da murya mai kyau, wanda zai kunna a aji kowace safiya, shi da yaran duk ɗalibai ne a gabansa, ba tare da an kunyata kowa ba.

Kuma ba sai an jira Abuja ko wata ƙungiyar Turawa ba. Shirin tallafa wa ilimi na ESSPIN ya yi aiki a Jigawa daga 2008 zuwa farkon 2017, kuɗinsa ya ƙare ya tafi, kamar yadda irinsa suka saba. Abin da ake buƙata yana hannunmu. Akwai malamai da ɗaliban Turanci a jami'ar Kafin Hausa da Kwalejin Ilimi ta Gumel da za su iya tsara darussa 200 a jere, bayani da Hausa, misalai daga gona da kogi da kasuwa maimakon dusar ƙanƙara da jirgin ƙarƙashin ƙasa. Akwai gidajen rediyo a Haɗejiya da Dutse da za su iya ware minti goma a lokaci guda kowace rana. Masu tura waƙoƙi da finafinai a waya a bakin tasha za su iya tura darussan a kati kamar yadda suke tura wa'azi. Wanda zai saurari yaro kuma ba sai mai digiri ba: yayarsa da ke aji biyar na sakandare ta isa, ko ɗalibin Kwalejin Binyaminu Usman da ke haya a unguwar. Aikin shugaban makaranta shi ne ya tabbatar kowane yaro ya tafi dogon hutu da katinsa ko takardarsa a watan Yuli, kafin ruwa ya yanke hanya, sannan ranar da aka dawo a fara da tambayar inda kowa ya tsaya.